Sawun Kura Ya Fi Fuskarta Ban Tsoro: Martani Kan Fim ɗin Masu Rikiɗa

Wani marubuci mai sharhi kan finafinai ya fito da wani ra'ayi, kuma ya samu masu tafa masa. A taƙaice, cewa yake lokaci ya yi da Kannywood za ta shiga finafinan ban tsoro, kuma in za ta shiga, to ta ɗauko mai rikiɗa irin na Turawa, wanda suke kira werewolf, ta kawo shi yadda yake. A ganinsa siffa ɗaya ce ta cancanci a haska: rabi mutum rabi dabba, tsaye kan ƙafa biyu, ga gashi, ga farata, ga dogon baki. Dole kuma a nuna rikiɗar ɓaro-ɓaro, daga tsirowar gashi har lanƙwashewar ƙashin baya, da siddabarun kwamfuta. Mai rikiɗar da ya koma dabba sak mai ƙafa huɗu, a wurinsa, lalaci ne na masu shirya fim. Wanda aka ɓoye cikin duhu kuwa, rowa ce aka yi wa mai kallo.

A yaba masa a kan abu guda. Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun fi zama a falo: soyayya, kishi, rabon gado, auren dole. Daji da dare da abin da ke cikinsu an bar wa tatsuniya. Wanda ya ce a faɗaɗa gona bai yi laifi ba. Irin da yake so a shuka a cikinta ne abin ja.

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a Ɗan Iya, cikin birnin Bauchi, bayan sallar isha'i, ya san waɗannan halittu ba baƙi ba ne a unguwar. Masu tura fim a waya sun daɗe da shigo da su. An ga ƙattin Underworld na 2003 suna yage riga suna tashi tsaye, an ga na jerin Twilight da suke komawa dabba sukutum, girmansu kamar na doki. Samari suna kallo, suna musu kan wanda ya fi ƙarfi, su yaba aikin kwamfuta, su tashi kowa ya bi lungunsa cikin duhu ba tare da ya waiwaya ba. A cikin gidajen nan dai, tsohuwa za ta kishingiɗa a tabarma ta ba jikoki labarin mutumin da ake ganin sawun kura a ƙofar ɗakinsa kowace safiya, kuma daren nan babu yaron da zai yarda ya zaga bayan gida shi kaɗai. Ba ta da kyamara, ba ta da kwamfuta. Ta dai san abin da ke tsorata ɗan wannan ƙasa, kuma wannan sani ne marubucin ya tsallake.

Tun daga sunan dabbar ma an fara samun tangarɗa. Abin da Bahaushe ya sani da kyarkeci karen daji ne mai dabbare-dabbaren jiki da manyan kunnuwa, mai farauta cikin garke. Masu fassara ne suka ara wa dabbar Turai sunan. Ita waccan ta dazuzzukan sanyi, Bature ya gaji tsoronta kaka da kakanni, don ta ci masa tumaki, wani lokaci har da 'ya'ya. Tsakanin 1764 da 1767 wata dabba ta hallaka mutane kusan ɗari a yankin Gévaudan na Faransa, har Sarki Louis na 15 ya tura maharbansa. A 1589 aka yi wa wani manomi, Peter Stumpp, kisan azaba a garin Bedburg na Jamus bisa zargin yana rikiɗa kyarkeci. Idan Bature ya ji kukan wannan dabba a fim, tsohon miki ake fama masa. Ɗan Bauchi ba shi da wannan miki. Nasa na kura ne.

Sai kuma siffar da marubucin ya ɗauka ita ce asali. Ba ta daɗe a duniya ba. Yawancin dokokin da ake jin kamar tun fil azal suke, a ɗakunan shirya fim na Hollywood aka daidaita su. Yaɗuwar abin ta hanyar cizo, Werewolf of London na 1935 ne ya kafa shi a allo. The Wolf Man na 1941, wanda Curt Siodmak ya rubuta, Bayahuden da ya gudo daga Jamus ta zamanin Hitila, shi ya sa azurfa ta zama makamin da kowa ya sani. Fuskar nan mai gashi kuwa aikin mai kwalliya Jack Pierce ce, wanda yake shafe sa'o'i yana manna wa jarumin fim ɗin, Lon Chaney ƙarami, gashi a fuska. Akwai abubuwa biyu a wannan fim da ya kamata marubucin ya koma ya duba. Mai rikiɗar farko da ya ciji jarumin, da ƙafa huɗu ya fito, dabba sak. Sannan da aka zo nuna rikiɗar jarumin kansa, kyamara ba ta hau fuskarsa ba. A kan ƙafafunsa ta tsaya, suna sauyawa sannu a hankali har ya taka ya fita da sanɗa. Fim ɗin da ya yayata siffar ke nan, kuma bai bi dokar da ake so a ɗora wa Kannywood ba.

Gaskiya ne an taɓa nuna rikiɗa a fili ta yi kyau matuƙa. A An American Werewolf in London na 1981, darakta John Landis ya sa aka yi ta cikin ɗaki mai haske, hannu yana miƙewa, baki yana turowa gaba, jarumin yana ihun azaba, kuma Rick Baker ya samu kyautar Oscar ta kwalliya a kan wannan aiki. Babu mai musun gwanintar. Amma abin da ya rikiɗa ya koma a ƙarshen wannan fitowa, dabba ce mai ƙafa huɗu, wadda marubucin ya kira lalaci. Kuma abin da ya sa fitowar take taɓa zuciya shi ne an riga an shafe kusan awa guda ana sa mai kallo ya saba da yaron, ya so shi.

Nan Arewa akwai labarin da ya fi wannan dacewa da kyamara, kuma yana rubuce. A watan Oktoba na 1918, mujallar Cornhill ta Ingila ta buga wani rubutu na Richard Bagot mai suna The Hyenas of Pirra, wanda ya tattaro abin da wasu hafsoshin Turawa biyu suka ce ya faru da su a Arewacin Nijeriya. Kuraye suna yi musu ɓarna, sai suka ɗana tarkon bindiga. Idan bindiga ta tashi, aka bi jini da sawu, sai a kai wani wuri inda sawun kura ya ƙare, sawun mutum ya ɗora, ya nufi cikin gari. Daga nan sai a ji an yi mutuwa, kuma ba a yarda baƙo ya ga gawar. A labarin ɗayansu, Kyaftin Shott, an bi sawun ta cikin gonar dawa har aka tarar da muƙamuƙin dabbar a yashe kusa da jini, washegari kuma mutanen gari suka zo suka shaida masa cewa wani mai muƙami a garin yana can kwance ya mutu, muƙamuƙinsa a cire.

Ba hujja ake kafawa da wannan ba cewa mutum yana zama kura. Labarin sojojin mulkin mallaka ne, kuma kowa ya san yadda suke son ƙawata abin da suka gani a ƙasar baƙar fata. Ginin labarin shi ne abin lura, domin irin ginin da tsohuwar Ɗan Iya take yi ne: babu wanda ya ga lokacin rikiɗa. Ƙasa ce ta ba da shaida. Taku huɗu masu farce, sannan taku biyu masu yatsu biyar. Darakta mai hankali zai bi wannan sawu da kyamararsa a hasken asuba, ba kiɗa, ba ihu, har ya tsaya a bakin wani zaure da mai kallo ya riga ya sani, ya san mai gidan, ya ga ana gaishe shi jiya a masallaci. Wannan fitowa ba ta buƙatar komai sai yashi mai laushi da haƙuri.

Babban abin da ya ɓace wa marubucin shi ne, da ya ce siffa ɗaya, ya rufe ƙofa a kan taska. Rikiɗa a tunanin Bahaushe iri-iri ce, kuma kowace tana son nata salon ɗauka.

Akwai mutumin da yake zama kura da ganin damarsa, ta hanyar asiri ko gado, ya fita da dare ya dawo kafin kiran assalatu. Wannan ba cizonsa aka yi ba, ba kuma cikar wata yake jira ba. Ya san abin da yake yi. Maƙwabta Barebari suna da shi su ma, suna ce masa bultungin, daga bultu, sunan kura a harshensu, har ana ba da labarin garin da aka ce duk mutanensa haka suke. Jarumin Hollywood abin tausayi ne da ƙaddara ta faɗa wa. Na nan mai zaɓi ne, don haka labarinsa na cin amana ne, na wanda ake cin tuwo da shi a kwano ɗaya.

Akwai kuma akasin haka, dabbar da take zama mutum, kuma a nan tatsuniya ta fi zurfi. Yara da yawa sun ji labarin ɓaunar da ta gaji da ɓarnar wani maharbi, ta rikiɗa ta zama kyakkyawar budurwa, ta shigo gari ta aure shi. Da dare tana lallashinsa ya gaya mata yadda yake tsira idan ɓauna ta taso masa. Ya ce yakan zama suri. Ya ce yakan zama kututture. Ya buɗe baki zai faɗi na uku, ya furta rabin kalmar zobe, sai mahaifinsa ya daka masa tsawa daga waje. Da ta kai shi daji ta koma siffarta, ta rushe suri, ta tumɓuke kututture, amma rabin kalmar nan ya gagare ta, shi ya cece shi. Duk ƙarfin labarin yana cikin hirar daren nan ta miji da mata, murya ƙasa-ƙasa, ita tana murmushi. Da za a manna wa amaryar ƙaho da gashi a wannan fitowa, an kashe fim ɗin. Haka labarin budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, har wani abin daji ya zo mata a siffar saurayin da babu kamarsa: tsoron yana cikin kyan nasa da ya wuce misali. Frank Edgar ya tara irin waɗannan labarai cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, suna nan suna jiran mai karantawa.

Sai na ukun, wanda jikinsa ba ya sauyawa ko kaɗan. A cikin iskokin bori akwai Kure, wato namijin kura, kuma idan aka ce ya hau mutum, fata tana nan, fuska tana nan, motsi da murya ne suke zama na dabba. Ga ɗan wasan da ya iya aikinsa, wannan ita ce dama mafi girma. Indiyawa sun gane haka tuntuni. Nagin na 1976 da Nagina na 1986 sun shiga zukatan Hausawa masu zuwa silima, kuma a na biyun idanun jaruma Sridevi da lanƙwasar jikinta ne suka zama macijiya. Sun ɗauki dabbar da ke cikin imaninsu, suka ba 'yar wasa aikin. Ko Bhediya na 2022, da ya ari kyarkeci ya kuma kashe kuɗi a kwamfuta, sai da ya kai labarin dazuzzukan Arunachal Pradesh ya ɗaura shi a kan rikicin sare daji don gina hanya.

Ita kurar kanta, wadda Allah ya halitta, ba ta buƙatar a gyara mata siffa. Ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, bayanta ya zube, tafiyarta kamar mai ɗingishi. Muƙamuƙinta yana farfasa ƙashi, har kashinta yakan bushe ya yi fari saboda ƙashin da take ci. Kukanta yana tafiya nesa cikin dare, sannan ga wannan sautin mai kama da dariyar mutum. Macen ta fi namijin girma, ita ce kuma shugabar garke. Binciken da Hans Kruuk ya yi a Tanzaniya, wanda ya fito a littafi a 1972, ya nuna ba mushe kaɗai take jira ba, mafarauciya ce da takan kashe yawancin abincinta da kanta, har zaki yakan ƙwace mata. Bahaushe kuwa ya ba ta fuska biyu. A tatsuniya sakarya ce mai kwaɗayi da Gizo yake yi wa wayo. A waje kuma, don kada a kama sunanta, sai a sakaya a ce amina. Dabbar da ake yi wa dariya a tsakar gida, ake kuma sakaya sunanta, ta riga ta zama jarumar fim. Daga Bauchi zuwa Yankari tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce. Mai naɗar sauti da ya kwana biyu a can zai iya dawowa da abin da kwamfuta ba za ta ƙirƙira ba.

Wani zai ce ai ga gardawa nan, a ɗauko kurarsu a saka a fim. Suna nan kam, su ne mai ɗaukar hoto Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya bi a 2005 da 2007, hotunansu suka zaga duniya: ƙato riƙe da sarƙa, kura da takunkumi a baki. Sai dai Bahaushe ya riga ya faɗi yadda wannan sana'a take, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dabbar da aka horar da kulki ba ta ba da tsoro a allo, tausayi take bayarwa, kuma bai dace a ƙara mata wahala don nishaɗi ba. Gardin ne abin yi wa fim: mutumin da yake kwana da kura, yake shan magani tun yana yaro don kada ta cuce shi, yara suna binsa a kasuwa, manya suna ja da baya.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Siddabarun kwamfuta mai arha dariya yake jawowa, kuma fim ɗin ban tsoro da aka yi wa dariya ya mutu. A 1942 kamfanin RKO ya ba furodusa Val Lewton abin da bai wuce dala 150,000 ba, shi da darakta Jacques Tourneur suka yi Cat People, labarin matar da take tsoron za ta rikiɗa damisa. Inuwa a bango, motsin reshe, takun da ya tsaya kwatsam; da su aka yi aikin, kuma fim ɗin ya ci kasuwa. Wannan ɓoyewar da marubucin ya kira rowa ita ce ta sa har yau ake koyar da fim ɗin.

Akwai kuma wani nauyi da marubucin bai ko ambata ba, kuma shi ne mafi girma. A Amurka babu wanda zai fito daga silima ya je ya jefi maƙwabcinsa don yana zargin kyarkeci ne. Nan kuwa zargin yana da rai. Har yau ana cewa wance mayya ce, ta kama kurwar yaro, a taru a tilasta mata ta tsallaka mara lafiya a gaban jama'a, wani lokaci a kai ga duka, wani lokaci a kai ga rai. Maita da rikiɗa ba abu ɗaya ba ne, maye kurwa aka ce yana kamawa, mai rikiɗa jikinsa yake sauyawa, amma taron da ya fusata ba ya tsayawa bambancewa. A Habasha, zargin buda, wato masu kambun baka da aka ce suna zama kuraye, ya bi maƙera da Yahudawan ƙasar shekaru aru-aru, ya sa aka ƙyamace su. Dokar Penal Code ta Arewa ta sa zargin mutum da maita cikin laifukan da ake hukuntawa, amma kafin doka ta iso an riga an yi ɓarna. Kusan kullum kuma tsohuwa ce mara gata, ko baƙo, ko mai taɓin hankali.

Wannan ya sa tambayar wane ne yake rikiɗa ta fi tambayar yaya yake kama muhimmanci. Fim ɗin da ya nuna tsohuwar ƙarshen layi tana zama kura, aka ƙone ta gari ya zauna lafiya, ya zuba fetur a wutar da take ci. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ta fi sa ido a kan sutura da rawa. Batun wanda fim yake ɗora wa zargi ya fi su cancantar a sa masa ido. A labarin Kyaftin Shott, wanda aka tarar ba muƙamuƙi mai muƙami ne, na kusa da masu iko. Djibril Diop Mambéty na Sanagal ya je nesa da haka a Hyènes na 1992: babu wanda ya tsiro gashi, amma garin Colobane gaba ɗaya ya amince ya ba da ran mutum guda don dukiyar da wata attajira ta yi musu alkawari, yana kuma sako hotunan kurayen gaske jefi-jefi a tsakanin fitowa.

Fim ɗin da Ɗan Iya za ta iya haifarwa yana iya farawa da akuyar da ta ɓace a turke, da sawu a bakin kwata. A bi unguwa tana raɗe-raɗi, a teburin mai shayi, a wurin ɗiban ruwa, har zargi ya sauka a kan wani dattijo mai gyaran takalma da ya zo daga wani gari, ba shi da kowa, yana ɗingishi tun na haihuwa. Yaran da suke ce masa Baba su daina zuwa rumfarsa. Kurar ta bayyana sau biyu ko uku kacal, da ƙafa huɗu, a ƙarshen lungu, idanu suna ƙyalli, ta juya ta tafi da wannan tafiyar tata. Mai kallo shi kaɗai ne zai ga inda sawun yake shiga da asuba: wani gida mai ƙofar ƙarfe da fenti sabo, gidan wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa a kori dattijon. Da safe ya fito da babbar riga, hannunsa na hagu naɗe cikin hannun rigar, mutane suna durƙusawa suna cewa ranka ya daɗe, an tashi lafiya, shi kuma yana amsawa da hannun dama.